Keken Gwamnati a Gungun Balbela

Da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, kowa a Bagudo ya samu rabonsa. Wasu sun samu ƙarin girma, wasu an mayar da su garuruwansu da 'yan komatsansu, shi kuwa Malam Badamasi masinja keke ya samu. Bayan ƙaramar salla aka kawo shi daga Birnin Kebbi, baƙi, sabo fil, an rubuta lambar gwamnati da farin fenti a madugadin baya. Ranar da aka miƙa masa a ƙofar ofis har tafi aka yi. Ya yi murmushi, ya yi godiya, amma fa akwai matsala, domin Malam Badamasi, da shekara hamsin da biyu da furfurarsa a gemu, bai iya hawa keke ba.

Kuma ba wanda ya sani. Shekara ashirin da uku yana kai takardun ofis da ƙafa, sauri gare shi kamar an aiko shi ɗebo wuta, ba a taɓa cewa takarda ta ɓata a hannunsa ba. Abin da ya cuce shi bakinsa ne. Tun yana saurayi wata rana ana hirar keke a majalisa, shi kuma don kada a bar shi a baya ya ce, "Keke? Ai mun hau mun gaji tun muna Jega." Shi ke nan, magana ta zauna. Har ta kai in mutum zai sayi tsohon keke sai ya kira Badamasi ya duba masa. Shi kuwa ya matsa taya, ya kaɗa ƙararrawa, ya girgiza kai ya ce a rage wani abu. Allah ya rufa masa asiri, bai taɓa zaɓa wa kowa ruɓaɓɓe ba.

To, sabon shugaban da aka turo musu ba ya wasa. Ya tara ma'aikata ya ce sabuwar jiha sabon aiki, an daina kwana a hanya da takardar gwamnati. Ranar Litinin mai zuwa masinja zai kai takardu Kende, ya biya Kurgu, ya dawo da amsa kafin a tashi aiki. Masinjan da ba zai iya hakan ba, sai ya ajiye keken ya je gida ya huta. Da ya faɗi haka, Lauwali akawu ya yi wani ɗan tari, domin yana da ƙanen mata zaune a gida ba aikin fari ba na baƙi, kuma kowa ya san kujerar da yake hango masa.

Kwana tara keken yana hannun Badamasi. Ka san al'adarmu, mai keke in ya hango babba sai ya sauka ya tura, ya gaisa, ya wuce, sannan ya sake hawa. Wannan ladabin Malam Badamasi ya kama ya riƙe gam. Duk inda ka gan shi turi yake yi, kamar yanzun nan ya sauka saboda kai. Liman ya yaba, sarkin fawa ya yaba, har wani mai tireda da bai girmi 'yarsa ba ya ce shi kam bai taɓa ganin mai girmama mutane irin masinjan nan ba. Shi kuwa bawan Allah abinci ma ya daina yi masa daɗi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, yana tsakar gida yana goge keken da tsumma karo na uku, matarsa Sabuwa tana tankaɗe a gefe. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Malam, da gogewa ke kai mutum Kende, da tuni ka je ka dawo."

"Mi kike nufi?"

"Kwana tara ina wanke wandunanka. Ban ga baƙin man sarƙa a ƙafar ko ɗaya ba."

Ya buɗe baki zai kawo zancen Jega, ta ɗago ta dube shi, sai ya rufe. Ta ce, "Ka bar shi, Malam. Na sani tun muna amare, ranar da yayana ya zo ganin ɗaki da kekensa ya ce ka zaga gari, ka ce cikinka ke murɗawa. Gobe Asabar. Ka ɗauko dokin naka mu je inda ba idon kowa."

Ita Sabuwa 'yar Dendi ce, daga ƙetaren iyaka, inda tsofaffi har yanzu suke ce wa Dahome. A can 'yan mata suna hawa keke ba mai kallonsu. Tun tana 'yar shekara goma sha biyu take kai wa ubanta buhun albasa kasuwa a bayan keke. Da aka kawo ta Bagudo, mahaifiyar Badamasi, Allah ya jiƙanta, ta ce a gidan nan mace ba ta hawa ƙarfe. Sabuwa ta ce to. Shekara ashirin da bakwai ke nan, ta haifi 'ya'ya biyar, ta aurar da uku, ba ta ƙara taɓa kan keke ba.

Da hantsi suka sauka daga a-kori-kura a bakin kogin Kwara, keken ya sha ɗauri a kan buhunan gero. Wani tsohon mai fito, Namadi, shi ya ɗauke su. Bai tambaye su komai ba, ya kwantar da keken a cikin jirgi, ya tura. Bazara ce, ruwa ya ja baya, amma tsakiyar kogin tana nan da ƙarfinta. Da suka isa gaɓar Gungun Balbela, gungu kuwa shi ne tsibiri a bakin mutanen ruwa, sai Namadi ya nuna wata doguwar giginya da ke kan tudu ya ce, "Kafin inuwar waccan ta taɓa ruwa ku dawo. In iskar marece ta taso, ko sarki ba ni fitarwa."

Iskar marece, in ji shi! To ta hantsin fa? Tun da suka taka gungun iska ta karɓe su. Ba dutse, ba daji, ba abin da zai tare ta, daga wancan bakin ruwa take zuwa ta wuce wancan. Itatuwan duk sun karkata gefe ɗaya. 'Yan bukkokin masunta da ke kusa da mashigar jirage an lulluɓe jinkarsu da tsofaffin taruna, an rataya duwatsu a jiki don kada a wayi gari ba rufi. Sau biyu hular Badamasi tana tashi, a na uku ya cire ta ya cusa a aljihu. Suka wuce tungar masuntan, ya gaisa da mutane yana turi kamar yadda ya saba, suka wuce jerin giginyu, suka yi ta tafiya har hayaƙin bandar kifi ya ɓace a bayansu.

Can suka tarar da abin da Sabuwa take nema, wata fadama da ta bushe ta daskare, shimfiɗe kamar daɓen ɗaki. Ba kowa sai wasu shanu da suka iyo daga ƙetare don ciyawar burgu, da balbelu suna bin su. Sabuwa ta ajiye ƙullin abinci, ta duba gabas ta duba yamma, ta tattare zanenta ta soke a ƙugu. Sai ga tsohon wandon kakin Badamasi a ƙasa.

"Subhanallahi! Wandon gwamnati?"

"Keken gwamnati, wandon gwamnati. Ba ni keken in ji lafiyarshi."

Ta karɓa, ta matsa birki, ta sa ƙafa a feda, ta ɗan tura. Keken ya yi dama, ya yi hagu, Badamasi ya ɗora hannu a ka. Sai kawai ya ga abu ya miƙe. Ta tafi, ta tafi, iska ta cika gyalenta, ta yi kwana a gaban shanun, balbelu suka tashi, ta dawo tana kaɗa ƙararrawa kamar mai tallan magani. Da ta zo dab da shi ta saki hannu ɗaya ta gyara ɗankwali, don tsokana kawai. Ya tsaya baki buɗe. Wannan matar da ya sani da ciwon gwiwa, wadda sai ta dafa bango take tashi daga tabarma, wallahi bai taɓa ganin haƙoranta duka a waje ba sai ranar.

"Sauran kai," in ji ta, tana haki.

Kai jama'a, girma ya faɗi a wannan fadama. Sabuwa ta riƙe kariya, wato ƙarfen ɗaukar kaya na baya, Malam ya hau, ya ƙanƙame kan keken kamar wanda za a ƙwace masa. Ta ce ya saki jikinsa, ya ƙara sandarewa. Ta ce ya daina kallon taya ya dubi gaba, ya ce in bai dubi taya ba ya za a yi ya san inda ta nufa. Ta ce ya taka, ya taka da ƙafa biyu a tare. Faɗuwar farko a gefen dama ya yi ta, ya tashi ya kakkaɓe riga ya ce sirdin ne ya yi tsawo. Aka rage sirdi. Ta biyu a hagu, ya ce iska ce. Ta uku kuwa ya kwanta rigingine yana kallon sama, wata saniya ta matso ta tsaya a kansa tana tuƙa.

"Ko ita ta san icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi," in ji shi.

"Gemu ba ya hana ilimi, Malam. Tashi."

"Ilimi anka ce. Ba a ce keke ba."

Ya tashi dai. Ai dole ya tashi, Litinin tana tsaye a gabansa, ga fuskar Lauwali, ga yara biyu da suka rage a makaranta. Ita kuwa tana biye da gudu, riƙe da ƙarfen kariya, mace mai shekara arba'in da biyar, zufa har cikin ido. In ya karkata ta taro shi da kafaɗa, in ya faɗi ta ɗaga keken ta ɗaga shi. Sai da rana ta take tsaka, ya ga numfashinta yana sarƙewa, sannan ya ce a huta.

Hutun nasu yawo ya zama. Sabuwa ta ce tun da an zo, sai ta ga ƙarshen gungun. Shi ya kama abin da ya iya, wato tafiyar ƙasa, ita ta hau keke. Ta wuce shi ta ɓace, ta dawo ta ba shi labari, ta zaga shi sau biyu, ta sake wucewa. Ta ce akwai wata tsohuwar tunga a gaba da aka tashi aka bari, suka je suka ga murahun banda sun rushe, ƙayar kifi fari fat a ƙasa. Suka ga wani jirgi da yashi ya cinye rabinsa, ƙadangaru sun mayar da shi gida. A bakin wani tafki suka ga sawun dorina, kowane ɗaya kamar an kifa akushi an ɗaga, Badamasi ya ce lallai a ƙara sauri. Dinyoyi, agwagin daji, suka tashi daga cikin ciyawa da kuka, suna so su yi yamma iska tana mayar da su gabas, har suka haƙura suka sauka inda suka taso.

A ƙarshen gungun ƙasar ta tsuke ta zama ɗan tsinin yashi, ruwa ta dama, ruwa ta hagu. Nan suka yi alwala suka yi azahar, sai da suka danne gefen gyalen da suka shimfiɗa da takalma. Ta kwance ƙulli, dambun zogale ne da ƙuli da 'yar gorar fura. Suka ci da yashi a ciki, ba yadda za a yi. Sabuwa ta nuna can nesa inda ruwa da sama suka haɗu ta ce in ka bi nan ka yi ta tafiya, garinsu ne. Ta ce akwai wata gangara a hanyar kasuwarsu, in ta zo nan da buhun albasa sai ta ɗage ƙafafu daga feda ta bar keken ya yi abin da ya ga dama, ubanta yana ihu a baya.

Badamasi ya daɗe yana juya dambu a hannu, sannan ya ce, "Kin yi kewar abin?"

"Inna ta ce a bari, na bari."

"Ba shi na tambaya ba."

Ta yi 'yar dariya, ta kawar da kai. "Har mafarkinshi nake yi, Malam. Ko bara na yi."

Maganar ta soke shi. Shekara ashirin da bakwai suna ɗaki ɗaya, ya san yadda take son kunu, ya san tarinta a cikin tarin mata goma, amma wannan bai taɓa tambaya ba. Mahaifiyarsa ta shekara tara a ƙasa, shi kuwa ko sau ɗaya bai tuna akwai wata doka da ta bari a kan matarsa ba. Kunya ta kama shi, wadda ta fi ta faɗuwa a gaban saniya. Ya tura mata sauran furar.

Da suka koma aiki ta sauya dabara. Ta juya shi ya ba iska baya, ta ce ya bar iskar ta taimaka. Aka gwada, aka faɗi, aka sake. Can a karo na ban san nawa ba, abu ya kama. Ya taka dama, ya taka hagu, keken bai karkata ba. Ya sake takawa. Iska ta cika masa riga, ƙasa ta fara gudu a ƙarƙashinsa, ya ji wani daɗi ya taso masa tun daga ciki, har ya fara cewa, "Sabuwa! Sabuwa, kin ga..." Sai ya ji tim a bayansa, da 'yar ƙara. Ƙafarta ce ta harɗe ta kifa. Keken kuwa yana ta tafiya da shi, shi kaɗai, ba mai riƙe da shi. Da ya yi gaba abinsa da ya kai har bakin tafki. Amma ya waiwaya. Tayar gaba ta faɗa sawun shanu da ya bushe a laka, keke ya yi gefe, Malam ya yi gefe, ƙafarsa ta hagu ta lanƙwashe a ƙarƙashinsa.

Ta iso tana ɗingishi, ƙasa har a goshi. "Wa ya ce ka waiwayo? Kana tafiya fa! Wallahi kana tafiya!"

"Na ji kin faɗi."

"To in na faɗi ƙasa za ta cinye ni?" Tana faɗa tana tattaɓa idon sawun, shi yana cije leɓe. Kafin a jima wurin ya kumbura ya yi suntum. Ta yage bakin ɗankwalinta ta ɗaure. Ya gwada takawa, ya ga taurari da rana tsaka.

Sai a lokacin suka lura rana ta karkata, iska kuma ta sauya murya, ruwan da ke gefensu ya fara yin fararen kawuna. Suna wannan ƙarshen gungun, Namadi yana wancan. Mutumin da ya yi suna da tafiyar ƙasa, yau ko taku goma ba zai iya ba. Sabuwa ta miƙar da kan keken da ya karkace ta ce, "Hau kariya. In munka kai giginyu sai in sauka, in saki zane, ka dafa keken mu shiga a hankali. Ba wanda zai gani." Ya hau a karkace kamar yadda mata suke zama, ya rasa inda zai riƙe, ta kamo hannunsa ta ɗora a ƙugunta.

Iska tana bayansu, hanya ta miƙe. Da farko tana nishi, daga baya keken ya ɗauki gudu, suka wuce tafkin dorina, suka wuce jirgin da yashi ya ci, shanu suka dare musu. Can sai ya ji wani abu yana kaɗawa a bayanta, a daidai inda kuncinsa yake. Waƙa take yi. Da Dendanci, wata 'yar waƙa mai sauri irin ta 'yan mata, bai taɓa jin ta a bakinta ba, ko kalma ɗaya bai gane ba. Ya hango jerin giginyu suna matsowa. Ita ba ta gan su ba, ko ta gani ta manta. Ya buɗe baki zai ce ta tsaya, sai ya ji ta ɗage ƙafafu daga feda a 'yar gangarar da ke wurin, tana dariya a tsakiyar waƙar. Ya ce a ransa bari ta kai ƙarshen baitin. Giginya ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce, bai yi magana ba.

Suna shan kwanar bukkokin sai ga mashiga cike da mutane. Ashe ranar Asabar da la'asar masu sarin banda suke zuwa. Mata ne 'yan Bagudo sun fi goma da kwandunansu, har da Ruƙayyatu mai ƙosai ta bakin tasha, wadda in ta ji magana da safe kafin azahar ta kai Kamba. A tsakiyarsu kuma, riƙe da ƙullin kifi a takarda, wa za a gani? Lauwali akawu.

Sabuwa ta danne birki, ƙura ta tashi. Ga matar aure a kan sirdi da wandon kaki, zane a soke, kai ba ɗankwalin kirki, ga mijinta a baya ya rungume ta. Ruƙayyatu ta riƙe haɓa ta ce, "La'ilaha illallahu!" Lauwali ya dubi lambar da ke madugadi, ya dubi ƙafar da aka ɗaure, ya ce, "A'a, Malam Badamasi, lafiya? Keken ofis ne wanga ko idona ne?"

Kafin Badamasi ya haɗa kalma biyu, Sabuwa ta diro, ta saki zanenta, ta ja gyale ta rufe kai, ta durƙusa. Da wata ƙaramar murya da bai san ta da ita ba ta ce, "Laifina ne. Ni na matsa mishi tun a gida sai ya kawo ni na hau, ya hana, na ƙi ji. Yana tafe da ni lafiya lau, na ce sai ya ba ni, na kada mu, na ji mishi ciwo. Shi ai kun san shi da keke. Ku yi mini rai, kada abin ya shafi aikinshi."

Ka ji mace! A tsaye ta ƙera ta, ba ko gargada. Kuma ta zauna daram, domin nan take matan suka fara. Wata ta ce dama 'yan ƙetare sai a hankali. Wata ta ce da jikoki da komai. Ruƙayyatu ta ce ita tausayin Malam take ji, mutum mai ladabi, Allah ya haɗa shi da jarrabawa. Lauwali ma ya saki fuska, ya ce ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa, zai gaya wa shugaba a ɗaga tafiyar har ƙafa ta warke, amma dai Malam ya riƙa tsare gidansa.

Shi ke nan fa, asiri ya rufu, har da ƙarin kwanaki a sama. Abin da ya rage wa Badamasi kawai ya yi shiru. Yana tsaye da ƙafa ɗaya, dafe da sirdi, ya dubi matarsa a durƙushe. Ta ɗora hannuwa a gwiwa, tafin ya ɗaye, ƙarfen kariya ya yi mata kanta biyu sun fashe. Ɗazun nan take waƙa. Gobe war haka kuwa duk gidan suna da gidan biki a Bagudo da ita za a buɗe hira, har 'ya'yanta a gidajen mazajensu sai an goranta musu. Zuciyarsa ta yi zafi, ya ji ba zai iya haɗiye wannan ba.

"Sabuwa, tashi."

Ta ɗago ta harare shi, harara mai cewa rufe bakinka.

"Na ce ki tashi." Ya juya ga mutane, ya ɗaga murya don iska kada ta kwashe. "Ƙarya take yi, don ni take yi. Ni ban iya keke ba. Ban taɓa iyawa ba, ko a Jega ko a Bagudo. Tun hantsi wagga baiwar Allah take gudu bayana tana koya mini, ku dubi hannunta. Ni na faɗi da kaina, ita ta ɗauko ni. Lauwali, in ka je ka faɗa mishi haka, kada ka rage komi."

Sai wani masunci ya tuntsire da dariya, wasu suka kama. Ruƙayyatu ta ce, "To, duk turin nan da ake yi mana...?" Ba ta ƙarasa ba. Lauwali bai yi dariya ba, ya gyara riƙon kifinsa, ka ga mutum yana lissafin Litinin a ransa. Namadi ne ya raba taron, ya zo ya ɗaga keken da hannu ɗaya ya ce inuwa ta taɓa ruwa, mai tafiya ya shigo.

A jirgi su biyu ya ɗauka, sauran suka bi babban kwalekwale. Igiyar ruwa tana dukan gefe tana watsa musu. Sabuwa ta juya masa baya har suka kai tsakiyar kogi. Sannan ta juyo, idanunta jajir.

"Na gyara maka magana tsaf, ka sa ƙafa ka shure. Aikin shekara ashirin da uku, Malam! Mi za mu ci?"

"Allah na nan."

"Allah na nan, Lauwali ma na nan." Ta share ido da bakin gyale, ta jawo ƙafarsa ta ɗora a cinyarta, ta fara kwance ɗaurin tana sakewa, da faɗa da komai. "Targaɗe ne, ba karaya ba. In an ja ta yau an sa man shanu, gobe ka iya taka feda ko da cije baki. Saura kwana ɗaya. Kuma ka tafi ɗazu, na gani da idona." Ta ɗaga murya. "Baba Namadi, gobe da sassafe za ka fito da mu?"

Badamasi ya ce, "Mi za mu zo yi gungu kuma? Wa ya rage da za mu ɓoye ma?"

Ta tsaya da ɗaurin a hannu.

"Filin makaranta na nan bayan gidanmu," in ji shi. "Ki riƙe mini a can. In na gaji ki karɓa ki zaga, ina zaune ina kallo."

"A cikin gari? Gaban mutane?"

"Gaban mutane. Mai magana ya zo ya same ni."

Sabuwa ta sunkuyar da kai, ta ja ƙullin da ƙarfi har sai da ya ce wash. Ya ji ɗigon wani abu mai ɗumi a kan ƙafarsa, ba irin ruwan kogin da ke watso musu ba. Ba ta ɗago ba ta ce, "To ka nemo mini wani wandon. Wanga ya yage a gwiwa."